Ƴar Gonar Namun Daji: Wane Iri Za Mu Haɗa?

Manoman Gidan Sori, da na sauran ƙasar Gidan Runji, da na Agye da Gazawa, ga wata magana da ta shafi gonakinmu.

Dattawa sun san zamanin da daji ya raba gari da gari. A lokacin mutum ba ya yin nisa sai ya tayar da zabin daji, ko fakara, ko zomo. Yau gona ta haɗe da gona. Saura ta yi wuya. Ciyawa ma kwashe ta ake yi a kai kasuwa, wani lokaci tun ba ta zubar da ƴaƴa ba. Ƙananan namun daji sun rasa abinci, sun rasa maɓoya.

Amma jiharmu ta riga ta nuna cewa abin da ya tafi yana iya dawowa. Bayan farin 1984 gonaki sun zama fili fetal. Sai aka rungumi sassabin zamani, wato barin kututture ya tofo, a gyara shi ya zama itace. Wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa wannan dabara a Maraɗi a 1983, manoma kuma suka ɗauke ta suka kai ta nesa. Garin Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kanta. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Itace ya dawo. Saura abin da ke ƙarƙashinsa, wato ciyawa da fure. Su ne abincin ƙananan halittu. Wannan darasi zai nuna yadda za a zaɓi iri a haɗa, a shuka a ɗan ƙaramin fili domin su.

Ina ruwan manomi da namun daji?

Ruwansa ne ƙwarai, domin da yawa daga cikinsu aiki suke yi masa ba da lada ba.

Shamuwa da balbela suna cin fara. Zabo da fakara suna cin fara da gara da tsutsa. Bushiya tana fita da dare ta kama ƙwari, har da kunama. Mujiya tana kama ɓeraye. Ƙudan zuma yana ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan. In babu mai yin wannan aiki, kabewa da kankana da guna ba su yin ƴaƴa sosai. Riɗi ma yana ƙara albarka in ƙudan zuma yana ziyartar sa.

Akwai kuma masu taimako da ido ba ya lura da su. Kowa ya san murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Tana da abokin gaba, wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin rina. Yana harbin tsutsar, ya yi ƙwai a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Tun 2006 masu bincike na INRAN a Maraɗi suka fara kai shi ƙauyuka cikin ƙananan buhuna, ana sakin sa a gonaki. Irin waɗannan ƙwari suna shan ruwan fure in sun girma. Inda fure yake, suna samun abinci.

Saboda haka wanda ya ciyar da waɗannan halittu, gonarsa ya yi wa hidima.

Mece ce ƴar gonar namun daji?

Ɗan fili ne da ake shukawa, a bar amfaninsa a tsaye domin tsuntsaye da ƙudan zuma da ƙananan dabbobi. A Amurka wasu manoma suna yin irinta domin barewa da tsuntsaye. A Ingila har biyan manomi ake yi in ya bar gefen gona ga fure da ƙwayar tsuntsaye. Amma irin da suke shukawa na ƙasar sanyi ne mai yawan ruwa. Namu haɗin dabam ne.

Mun san gona ta yi ƙaranci. Ba a ce mutum ya ba da inda yake samun tuwo ba. Taki goma tsawo da taki goma faɗi sun isa a fara. Ko kuwa a ja layi mai faɗin taki uku a bin iyakar gona. Wuraren da suka dace su ne:

1. Kusurwar gona inda gero ba ya yin kyau.
2. Faƙon da aka daina nomawa.
3. Bakin kwazazzabo, inda ruwa ke cin ƙasa.
4. Gindin itatuwan da aka bari a sassabe.

Kada a yi ta kusa da rumbu ko kusa da gida, saboda ɓera da maciji. Kada a yi ta a kan burtali ko a hanyar mashaya.

Tambayoyi uku kafin a zaɓi iri

Ta farko: wace irin ƙasa ce? Jigawa tana shan ruwa da sauri, tana bushewa da sauri. Geza tana da tauri, ruwa yana gudu a kanta. Fadama tana riƙe danshi. Abin da ya yi kyau a fadamar Gulbin Maraɗi ba lalle ne ya yi a jigawa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya duba ciyawar da ke fitowa da kanta a irin wannan ƙasa. Ita ce za ta yi masa.

Ta biyu: wa zai ci? Zabo da fakara da kurciya suna son ƙananan ƙwayoyi a ƙasa. Ƴan tsakinsu kuma ƙwari suke bukata a kwanakin farko. Zomo yana son ɗanyen ganye. Ƙudan zuma yana son fure. Bushiya tana son tarin ganye da ƙirare inda za ta kwanta. Iri ɗaya ba ya biyan bukatar waɗannan duka.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci: yaushe yunwa take? Da damina daji a ƙoshe yake. Da kaka ƙwaya tana ko'ina. Wahala tana farawa daga watan Maris har zuwa saukar ruwa a Yuni ko Yuli. A lokacin ƙasa ta zama tsirara, zafi ya kai matuƙa. Haɗin da ya ƙare tun watan Nuwamba bai yi aikinsa ba. Haɗi mai kyau shi ne wanda wani abu a cikinsa yake ba da abinci ko inuwa a kowane lokaci na shekara.

Ga kuma wani dalili na haɗa iri da yawa. Ruwan ƙasarmu ba shi da tabbas. Wata shekara ya zo da wuri, wata ya makara, wata ya ɗauke a tsakiya. In iri shida ne a fili, ko biyu sun mutu, huɗu za su tsaya. Manomi ya san wannan tun da daɗewa, shi ya sa yake haɗa gero da wake da yakuwa a gona ɗaya.

Rukuni huɗu na iri

*Rukuni na ɗaya: ciyayi.* Su ne ke ba da ƙwaya da maɓoya.

Gamba ita ce babba. Ba ta mutuwa da rani, tushenta yana nan, ruwan farko ta tofo. Tana tare iska, tana tare yashi. A gindinta zabo ke ɓoye ƙwai. Mai fili kuma yana samun abin zana.

Komayya tana son jigawa. Ƙwayarta ƙanana ce, tana da yawa.

Kyasuwa tana son inuwa da ɗan danshi. A sa ta a gindin itatuwa.

Gude-gude da harkiya suna nuna da wuri. Tsuntsaye suna son ƙwayarsu.

Ƙarangiya tana kama yashin da babu abin da ke fita a kansa. Amma ƙayarta tana damun mutane, kuma tana saurin shiga gona. A sa ta inda wata ba za ta yi ba kawai.

*Rukuni na biyu: dangin wake.* Saiwarsu tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ganyensu abincin zomo ne. Suna jawo ƙananan ƙwari, ƴan tsakin zabo su samu.

Gadagi shi ne na gaba. Yana fita a jigawa ba tare da wahala ba. Waken gida mai yaɗo ma yana da kyau, domin yana rufe ƙasa, yana daɗewa da ɗanyen ganye. Ya fi waken da ke tsayawa tsaye ya nuna gaba ɗaya. Gyaɗa kuwa a bar ta, kurege da ɓera take kira.

*Rukuni na uku: masu fure.* Riɗi, da yakuwa, da yoɗo, da guna, da kabewa. Riɗi yana daɗewa yana fure. Yakuwa tana fure a ƙarshen damina, lokacin da wasu suka gama. Guna tana barin ƴaƴa a kwance a ƙasa har cikin rani, da ruwa a cikinsu. Wannan rukuni yana da amfani ga uwargida ma. Tana iya tsinkar ganyen yakuwa da yoɗo domin miya, ta bar fure da ƴaƴa.

*Rukuni na huɗu: itatuwa.* Su ne ke riƙe da rani da bazara. Gawo yana fitar da ganye da fure bayan damina, ƴaƴansa kuma suna zuba da rani. Magarya tana nuna da ɗari. Aduwa tana ba da ƴaƴa da ɗari har cikin rani. Kalgo yana riƙe ƴaƴansa da rani. Ɗanya da anza suna nuna wajen ƙarshen bazara. Sabara tana ba da inuwa a ƙasa, tana tara yashi da ganye a gindinta.

Sau da yawa ba sai an shuka waɗannan ba. Kututturensu yana nan cikin ƙasa. A zaɓi fili mai kututture biyu ko uku, a bar su su tashi.

Yadda ake auna haɗin

A raba irin kashi goma. Kashi 5 ciyawa, kashi 3 dangin wake, kashi 2 masu fure. Ga fili mai taki goma da goma, ƙaramin gwangwanin tumatir goma ya wadatar. Riɗi ƙwayarsa ƙanana ce, cokali ɗaya ko biyu ya isa. Yawan iri ba shi ne albarka ba. In shuka ta cushe, duka za ta ƙanjame.

Ga misali uku:

A jigawa: komayya gwangwani 3, gude-gude da harkiya 2, gadagi 2, wake 1, yakuwa 1, guna da riɗi da yoɗo 1. A ja layin gamba ta gabas, inda iskar hadari ke fitowa.

A geza ko faƙo: a fara da tassa ko rabin wata, domin su tara ruwa. A zuba taki a ciki. Sannan kyasuwa 3, gude-gude 2, wake 2, gadagi 1, yakuwa 2. A dasa gamba a bin kunyar rabin watan. In ba a fasa faƙo ba, ruwan farko zai tafi da irin.

A bakin fadama: kyasuwa 3, harkiya 2, wake 3, kabewa da yakuwa da riɗi 2. Gamba a bin gaɓa, domin ta riƙe ƙasa.

Wannan awo jagora ne kawai. In wani iri bai samu ba, a sa ɗan'uwansa na rukuni ɗaya. Abin kiyayewa shi ne kada a bar rukuni ko ɗaya a baya.

Irin da ba za a sa ba

1. Gero da dawa. In aka bar su a tsaye, tsutsar da ke huda kara takan kwana cikin karan har damina ta gaba, ta fito ta shiga sabuwar shuka. Suna kuma raya ƙuduji. Ga shi suna koya wa tsuntsaye hanyar gona.

2. Shibra. Tana kama da gero, tsuntsaye suna son ta. Amma garin furenta yana shiga geron gona, ya ɓata iri. Duk inda ta fito a cire ta.

3. Garmani. Mun ga yadda ya cinye makiyaya da burtali a jihar Maraɗi. Dabba ba ta son sa, kuma inda ya kama yana kashe ciyawa mai amfani. Wanda ya share ƙasa ya kwaso iri, yana iya kwaso ƴaƴan garmani bai sani ba. A tsinki iri daga jikin ciyawa, kada a share shi daga ƙasa.

4. Ƙuduji. A tuge shi kafin ya yi fure, a ƙone.

5. Irin da aka shafa wa magani. Ana gane shi da launi, ja ko shuɗi ko kore. An yi shi ne domin a binne a rami. In aka watsa shi a sarari, tsuntsaye za su tsince su mutu. Kajin gida ma haka.

6. Baƙon iri da ba a san shi ba. Wani ba zai jure farinmu ba, kuɗi ya tafi a banza. Wani kuma zai jure fiye da kima, ya zama annoba. A nuna wa malamin gona kafin a shuka.

Ina za a samo iri?

Mafi yawansa kyauta ne. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ciyayi suna nuna. A bi gefen hanya da makiyaya da iyakar gonaki da ƙwarya ko buhu. A zage kan ciyawar da ta bushe, wadda ƙwayarta ke zuba in an taɓa. Kada a kwashe na wuri ɗaya ƙaf. A ɗiba nan, a bar can, domin wurin ya sake fitowa baɗi.

A shanya irin a inuwa har ya bushe sarai. A zuba kowane iri a buhunsa, a rubuta sunansa da watan da aka tara shi. A rataye inda ɓera da gara ba su kai. Wake kuwa a sa shi a bidon ko kwalba mai murfi, a cika ta, a rufe gam, domin ƙwaro ya rasa iska. Kada a haɗa irin sai ranar shuka.

Irin ciyawar daji ba ya son tsirowa da zarar an tara shi. Sai ya kwana wasu watanni. Saboda haka wanda aka tara da kaka, daidai yake da shukar damina mai zuwa.

Ƴaƴan gawo da kalgo suna da ɓawo mai tauri. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba su a ciki su kwana. Ko a kankare gefen kowace ƙwaya kaɗan. Wanda aka tsinta a kashin awaki ma yana saurin tsirowa.

Wake da riɗi ana samun su a gida, ko a kasuwa, ko wajen masu sayar da ingantaccen iri. Tashar INRAN da ke Tarna, kusa da Maraɗi, ta daɗe tana aikin inganta irin gero da wake.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A gwada iri tun watan Mayu. A ƙirga ƙwaya 20, a sa a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa. A riƙa yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 7 zuwa 10 a buɗe a ƙirga. In wake ko riɗi ne, 15 ko fiye suka tsira, iri ne mai kyau. In ba su kai 10 ba, a nemi wani. Irin ciyawa ba ya kai haka. In rabi ya tsira, ya yi.

Ranar shuka

A fara da gonar abinci. In an gama shukar gero, ƙasa ta sha ruwa sosai, sai a juyo kan wannan fili.

Manyan ƙwayoyi, wato wake da yakuwa da guna da kabewa, a shuka su a rami, layi-layi, taki ɗaya tsakanin layi da layi. Ƙananan ƙwayoyi kuwa a cuɗa su da yashi mai ɗan danshi, awo ɗaya na iri da awo uku na yashi. A watsa tsakanin layuka. A ja reshen ƙaya a kai domin ƙasa ta rufe su kaɗan. In aka binne su da zurfi ba za su fito ba. In aka bar su a sarari tururuwa za ta kwashe.

Gamba ta fi kamawa in an dasa ta. A watan Yuli ko Agusta, ranar da aka yi ruwa, a tsaga tsohon tushe, a rage ganyen, a dasa taki ɗaya tsakani. A nemi izinin mai gambar kafin a tsaga. Shekarar farko ba ta yin girma. A ta biyu take nuna kanta.

Noman wannan fili ɗaya ne: a tuge garmani da shibra da ƙuduji da hannu. Kada a fesa maganin ƙwari a ciki. Zai kashe ƙudan zuma da abokan gaban murzuna tare.

Kula da fili

*Shinge.* In hukuma ta ba da sanarwar sakin gonaki, dabbobi za su shigo. Filin da ba shi da shinge, yini ɗaya ya ishe su. A kewaye shi da ƙayar da aka samu wajen gyaran itatuwa. A dasa aguwa ko jirga ko magarya a bin ƙayar, domin su zama shinge mai rai. A bar ƴan ƙananan kafofi a ƙasa inda zabo da zomo za su bi.

*Yanka.* Zabo da damina yake ƙwai, a ƙasa, cikin ciyawa. Kada a yanki komai sai bayan girbi. Ko a lokacin, a yanki rabi a bar rabi. Gamba a yanke ta a bar tsawon taƙi ɗaya a ƙasa. A ja kunnen yara su bar ƙwai da sheƙa.

*Wuta.* Busasshiyar ciyawa makamashi ce. Da kaka a share hanya mai faɗin taki biyu a kewaye filin.

*Ruwa.* Da bazara ƙishirwa ta fi yunwa kisa. A binne tsohon kasko a inuwa, bakinsa daidai da ƙasa. A sa tsakuwa da ɗan kara a ciki, domin ƙudan zuma ya sami wurin sauka. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Wannan kasko kuwa na kowa ne.

Kiyaye lafiya

A zubar da ruwan kaskon a sake sabo bayan kowane kwana biyu. Sauro yana yin ƙwai a kwantaccen ruwa, kuma da zafi sati ɗaya ko fiye kaɗan ya ishe shi ya tashi. Da damina a kife kaskon.

Inda ciyawa take, maciji yana iya shiga. A sa takalmi, a riƙe sanda, kada a cusa hannu inda ido bai gani ba. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko munduwa. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa likita nan da nan.

In an ga tsuntsu ya mutu da kansa, kada a ci, kada a ba kare, kada yara su yi wasa da shi. Mai yiwuwa guba ya ci, ko ciwo ne ya kashe shi. A watan Fabrairu na 2006 an sami murar tsuntsaye a Magarya ta jihar Damagaram, kuma ciwo ne da ke iya kama mutum. In tsuntsaye ko kaji suna mutuwa da yawa, a sanar da malamin dabbobi. Kada kajin gida su sha kasko ɗaya da tsuntsayen daji.

Doka da zaman lafiya

Wannan fili ba tarko ba ne. Dokar farauta ta ƙasarmu, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta hana farauta da wuta, da guba, da farautar dare. Mai son ƙarin bayani ya je wajen ma'aikatan gandun daji. In aka kashe duk abin da ya zo cin abinci, an yi aikin banza.

Kafin a fara, a gaya wa maƙwabcin gona. A gaya wa mai gari da kwamitin filaye na gari, in akwai shi. A yi magana da makiyayan da ke sauka a wurin, a nuna musu shingen da dalilinsa. Magana tun da wuri tana hana rigima. In maƙwabta huɗu suka yi nasu a kusurwar da gonakinsu suka haɗu, fili zai yi girma, aikin shinge kuma ya ragu. Ƙungiyar mata ma tana iya yin nata a gefen gamana.

Gwamnati tana da nata babban wuri a arewacin jiharmu, wato gandun dajin Gadabeji. An keɓe shi a 1955, faɗinsa hekta 76,000. A 2018 an kai raƙuman dawa 8 can daga Kure. Wancan na manyan dabbobi ne. Zabo da fakara da bushiya da ƙudan zuma kuwa a cikin gonakinmu suke, kuma abincinsu yana hannun manomi.

Abin da za a sa rai

Shekarar farko ƙudan zuma da ƙananan tsuntsaye ne za su fara zuwa. Bushiya da zomo sai ciyawa ta yi kauri. Zabo da fakara sai in akwai sauransu a yankin, kuma an bar su sun sake. Wannan fili ba zai hana jan-baki ko farin dango sauka ba, waɗannan daga nesa suke zuwa. Amma zai riƙe ƙasa, ya ba da zana da ganyen miya, ya tara masu taimakon manomi a kusa da gona.

A shekara ta biyu komayya da kyasuwa da gadagi za su fito da kansu, in an bar su sun zubar da ƴaƴa. Wake da riɗi da yakuwa ne kawai za a sake shukawa. A lura da abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, a rubuta. Baɗi sai a gyara awo.

Mu tuna

- Satumba zuwa Nuwamba: tara iri.
- Disamba: shinge da hanyar wuta.
- Maris zuwa Mayu: ruwan kasko, tassa da rabin wata.
- Mayu: gwajin iri.
- Yuni zuwa Yuli: shuka, bayan an gama ta gero.
- Yuli zuwa Agusta: dashen gamba da tugar garmani.

Ciyawa, dangin wake, masu fure, itatuwa. Kowane rukuni ya samu shiga, kuma iri ya zama na ƙasarmu. Wanda bai tara iri bara ba, ya roƙi maƙwabci gwangwani biyu ko uku ya fara da su. Da kaka sai ya tara nasa.